Lafiyar Haƙori: Aikin Gida da Aikin Asibiti

Yawancin masu zuwa asibitin haƙori ba sa zuwa sai ciwo ya hana su barci, kunci ya kumbura, an gwada kanumfari da ruwan gishiri da ƙwayoyin kemis duk ba su yi ba. A lokacin nan magana ɗaya ce a bakinsu: a cire shi a huta. Abin takaici shi ne haƙorin da ya kai wannan hali ya daɗe yana lalacewa, wata da watanni, wani lokaci shekaru, bai yi zafi ba. Zafi a makare yake zuwa. Da an duba shi tun da wuri, da ciko ɗaya na ƙasa da awa guda ya wadatar, kuɗin ma bai kai rabin abin da za a kashe daga baya ba.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon da ake gani, inamel, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kuma babu jijiya a cikinsa. A ƙarƙashinsa akwai dantin, mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda bai kai inamel tauri ba, kuma cike yake da 'yan mitsi-mitsin hanyoyi masu kai zafi da sanyi zuwa ciki. A can tsakiya akwai ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke, su bi ta saiwa su shiga ƙashin muƙamuƙi. Aikin da likita zai yi ya danganta ne da hawan da ɓarnar ta kai.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Mai cewa zai turara maka baki ya fitar da ita, kuɗinka kawai zai ci. Abin da ke huda haƙori shi ne farar dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a gindinsa, wadda idan ka kankara da farce za ka gani. Ƙwayoyin cuta ne cunkushe a cikinta. Suna cin sukarin da ya shiga baki, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da inamel. Duk lokacin da sukari ya shiga, baki yakan ɗauki kamar rabin awa, ko fiye, kafin yawu ya wanke tsamin ya fara mayar wa haƙori da abin da ya rasa. Saboda haka yawan lokutan shan zaƙi ya fi yawan zaƙin illa. Wanda ya sha lemon kwalba ɗaya tare da abincin rana ya fi samun sauƙi a kan wanda ya wuni yana kurɓar shayi mai sukari kofi bayan kofi, ko yaron da alawa ba ta rabuwa da bakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, kuma a rage zuwa 6 ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya yakan ɗauki kusan cokali 9. Zoɓo da kunun aya da aka zuba wa sukari, biskit, cincin, zuma da dabino mai manne wa turame duk a lissafa da su.

Gogewa

A goge baki sau biyu a rana, minti biyu kowane lokaci. Idan za a fifita ɗaya, na dare ne, domin yawu yana raguwa idan an yi barci, dauɗar ta samu sararin yin ɓarna har gari ya waye. Bayan gogewar dare kada a ci komai, kada a sha komai sai ruwa.

A sayi burushi mai taushi, mai ƙaramin kai wanda zai iya isa turamen ƙarshe. Mutane da yawa sun fi son mai tauri, wai shi ne ke fitar da datti. Ba haka ba ne. Dauɗar taushi ne da ita, ba ta buƙatar ƙarfi, kuma burushi mai tauri da dirza gefe zuwa gefe su ne ke zaizaye wuyan haƙori su janye dasashi, har mutum ya kasa shan ruwan sanyi. A karkata bakin burushin ya fuskanci inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa juya shi a hankali a kan haƙori biyu zuwa uku kafin a matsa gaba. A bi waje, a bi ciki, a bi saman da ake tauna da shi. Wurin da aka fi mantawa shi ne bayan haƙoran gaba na ƙasa, ta wajen harshe. A miƙar da burushin tsaye a shiga nan. A ƙarasa da harshe, don rabin warin baki daga nan yake fitowa. Burushi wata uku yake yi, ko ƙasa da haka idan gashinsa ya baje.

Man goge baki kuwa, a juya bayan kwalin a duba ko akwai fuloraid, kuma adadinsa ya kai 1000 zuwa 1500 ppm (ma'aunin yawansa ke nan da ake rubutawa a kwalin). Yawanci za a ga 1450. Wannan sinadari ne ke ƙarfafa inamel, ba kumfa ko yajin na'ana'a ba. Ga kuskuren da kusan kowa ke yi: da an gama gogewa sai a cika baki da ruwa a kurkure. Yin haka ya wanke maganin ke nan. A tofar da kumfar kawai a bar sauran a kan haƙora. Yaron da bai kai shekara 3 ba a shafa masa mai kamar girman ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙaramar ƙwayar wake, kuma babba ya riƙa goge masa ko ya tsaya a kansa har ya kai shekara 7 ko 8.

Aswaki sunna ne kuma yana aiki, muddin an iya riƙe shi. A tauna bakinsa ya yi laushi sosai kafin a fara, a riƙa yanke wurin da aka yi amfani da shi kullum ko bayan kwana biyu, kada a bar shi cikin aljihu yana kwasar datti. Rauninsa biyu ne: gashinsa a miƙe yake, don haka da wuya ya shiga bayan haƙora da turamen ƙarshe, kuma ba ya ba haƙori fuloraid ɗin da man goge baki ke bayarwa. Mafi dacewa a haɗa, aswaki da rana lokutan salla, burushi da mai safe da dare. Da azumi ma haka, a goge bayan sahur da kuma kafin kwanciya. Gawayi, toka, yashi ko gishiri tsagwaronsa suna sa haƙori ya yi haske na ɗan lokaci, amma kankare inamel suke yi, shi kuwa idan ya tafi ba ya dawowa.

Tsakanin haƙora burushi ba ya shiga, kuma a nan kogo da ciwon dasashi suka fi farawa. Tsinken tsintsiya, ashana da allura suna raunata dasashi su buɗa wurin, gobe nama ya ƙara maƙalewa. A nemi zaren sakace na kemis. A yanko kamar santimita 45, a naɗe a yatsun tsakiya, a zura shi a hankali tsakanin haƙora biyu, a lanƙwasa shi ya rungumi ɗaya a goga sama da ƙasa, sannan ɗayan. Sau ɗaya a rana ya isa. Makon farko za a iya ganin jini, alama ce cewa dasashin dama a kumbure yake, kuma da ci gaba jinin zai tsaya.

Wankin haƙori

Dauɗar da ba a goge ba takan sha gishirin da ke cikin yawu ta daskare ta zama kanta, mai launin ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, baƙa ma a bakin mai cin goro ko shan taba. Idan ta daskare babu burushin da zai cire ta. Ita ce ke sa dasashi ya yi ja ya riƙa zubar da jini. A wannan mataki komai yana iya komawa daidai. Idan aka bari, kumburin yakan gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe da saiwa, dasashi ya saki haƙori, aljihu ya samu a tsakaninsu. Likita yana auna zurfin aljihun da wani siririn ƙarfe mai zane: milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, daga 4 zuwa sama akwai matsala. Wannan ciwo ne ke zubar wa manya da haƙora lafiyayyu waɗanda ko kogo ba su da shi, kuma ya fi tsanani ga masu ciwon suga da masu shan taba.

Ana yin wankin da wata na'ura mai karkarwa da feshin ruwa, wadda ke farfasa kantar, sannan a goge haƙoran su yi santsi. Aikin rabin awa ne zuwa awa ɗaya. Ana yawan cewa wanki yana buɗa haƙora ko ya sa su girgiɗi. Gaskiyar ita ce kantar ce ta cike gurbin naman da ƙashin da ta riga ta cinye, da aka cire ta sai ɓarnar ta fito fili. Jin sanyi na 'yan kwanaki bayan wanki ba abin damuwa ba ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar da yawancin mutane, kuma a wannan zaman ne likita ke gano ƙananan koguna tun ba su yi magana ba. Mai juna biyu ma ana yi mata, dasashinta ya fi saurin kumbura, kuma watanni na huɗu zuwa na shida sun fi sauƙin zama a kujera.

Ciko

Alamar farko ta ruɓewa farin tabo ne kamar alli a gindin haƙori. Wannan bai buƙatar huji, fuloraid da rage zaƙi suna iya tsayar da shi. Idan ya zama rami ya shiga dantin, sai a fara jin zafi idan an sha sanyi ko zaƙi, zafin da ke wucewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Lokacin ciko ke nan. Akan yi hoto don a ga zurfin, domin ƙofar kogo ƙarama ce amma cikinsa faɗi gare shi. Sai a yi allurar kashe zafi, a kwashe ruɓaɓɓen wurin, a cike.

Abin cikon iri uku ne aka fi samu. Akwai amalgam, mai launin azurfa, yana da ƙarfi da araha kuma yana daɗewa a turame, sai dai kusan rabinsa sinadarin makuri ne, wato zaiba, shi ya sa tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan illar makuri, ƙasashe ke rage amfani da shi. Wanda yake da shi a baki kuma lafiya lau yake, babu dalilin ya je a cire. Akwai farin ciko mai launin haƙori, wanda ake zubawa kaɗan-kaɗan, kaurin da bai wuce milimita 2 ba, ana daskarar da kowane hawa da shuɗiyar fitila. Babban maƙiyinsa danshi ne. Idan yawu ya taɓa wurin lokacin aikin ba zai kama da kyau ba, gefensa ya riƙa yoyo, ruɓewa ta dawo ta ƙarƙashi. Na uku shi ne gilas ayonoma, wanda ke sakin fuloraid a hankali, ya dace da haƙoran yara da wuyan haƙori da wuraren da babu lantarki, amma bai da juriyar tauna kamar sauran.

Bayan ciko kada a ci abinci sai leɓe ya farfaɗo, awa biyu zuwa uku, musamman yara da ke tauna leɓensu ba su sani ba. Idan amalgam ne a bar wannan ɓangaren ya huta kwana guda. Idan ka rufe baki ka ji haƙorin da aka cike shi ne ke fara taɓa ɗan'uwansa, cikon ya yi tudu. Ka koma a rage shi, aikin minti biyar ne, barinsa kuwa yana jawo ciwo mai tsanani ko ya tsaga haƙorin.

Idan ɓarna ta kai jijiya

Zafin da ke tasowa haka kawai, mai zuga, wanda ke ƙaruwa idan an kwanta, ko ya daɗe bayan an sha abu mai zafi, yana nuna ɓargon ya kamu. Wani lokaci bayan 'yan kwanaki ciwon sai ya ɗauke, mutum ya ɗauka ya warke. Jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan suna gangarawa ƙarshen saiwa, inda za su tara mugunya. Wani ƙurji zai iya fitowa a dasashi yana fashewa yana dawowa.

A nan zaɓi biyu ne, a cire ko a yi aikin jijiya. Idan haƙorin yana da sauran jiki kuma da hali, aikin jijiya ya fi, domin babu haƙorin roba ko na ƙarfe da ya kai wanda Allah ya halitta. Bayan allura, likita zai buɗe ta sama, ya bi hanyoyin saiwa da wasu siraran ƙarafa yana kwashe mataccen naman, yana wankewa da ruwan magani, ya auna tsawon kowace saiwa da hoto ko na'ura, sannan ya toshe hanyoyin da wata irin roba. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, turmi uku ko huɗu, shi ya sa aikinsa ya fi tsada da ɗaukar lokaci. Zama ɗaya ne zuwa uku. Inda aka fi samun asara shi ne mutum ya ji sauƙi bayan zaman farko ya daina zuwa. Cikon wucin gadi ya faɗi, datti ya koma, bayan wata shida haƙorin ya zama sai cirewa. Na biyu shi ne rashin sa wa turmi hula. Haƙorin da aka rarake cikinsa ya yi rauni, ranar da aka tauna ƙashi ko tsakuwar shinkafa zai iya darewa biyu. Hular, ta tangaran ko ta ƙarfe, ita ke ɗaure shi.

Kafin a isa asibiti, babba zai iya shan farasitamol mai 500, ƙwaya biyu duk bayan awa 6, kada ya wuce takwas a awa 24. Ibufurofen 400 duk bayan awa 8, bayan cin abinci, ya fi kama ciwon haƙori, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko ciwon ƙoda, ko mai juna biyu. Kada a danna asfirin a jikin dasashi, ƙona naman yake yi. Ruwan batir, fetur, turare da garin taba da wasu ke ɗurawa a kogo suna ƙona baki, wasunsu guba ne. Amfisilin da Flagyl da ake saya ba takardar likita ba sa warkar da ciwon haƙori, don jini ba ya shiga matacciyar jijiya balle ya kai maganin can. Likita yakan rubuta su ne idan cutar ta fara yaɗuwa, tare da aikin, ba a madadinsa ba.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau ya rufe ido, kasa buɗe baki, wahalar haɗiyar yawu ko numfashi, zazzaɓi mai zafi. Ciwon turmin ƙasa yana iya kumbura ƙasan harshe ya toshe maƙogwaro, kuma yana kisa. A tafi sashen gaggawa na babban asibiti nan take.

Cirewa

Kafin a taɓa ka, ka gaya wa likita idan kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila, ko kana shan maganin tsinka jini, ko ka taɓa zubar da jinin da ya ƙi tsayawa. Mace ta faɗi idan tana da ciki. A ci abinci kafin a je, yunwa da tsoro ne ke sa mutane suma. Allurar tana kashe zafi amma ba ta kashe jin dannawa, don haka jin ana turawa ba ya nufin ba ta kama ba. Maganar cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido ba ta da tushe.

Warkewa ta dogara ne da gudan jinin da ke daskarewa a cikin ramin. Shi ne ke rufe ƙashin, a kansa sabon nama ke tsirowa. A cije audugar da aka sa da ƙarfi minti 30 zuwa 45, ba magana. Cikin awa 24 na farko ba kurkure baki, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar abu da tsinke, ba taba ko shisha, ba abu mai zafi, ba taɓa wurin da harshe ko yatsa. A sha kunu ko koko da ya huce, a tauna ta ɗaya gefen. Daga rana ta biyu a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a guntsa a riƙe a wurin a hankali, sau uku ko huɗu a rana har mako guda. Idan jini ya dawo, a naɗe ƙyalle mai tsabta a cije minti 20 a zaune. Idan bai tsaya ba a koma asibiti. Ciwon da ya ragu sannan ya dawo da ƙarfi a rana ta biyu zuwa ta huɗu, yana harbawa har kunne, ga wari, alama ce gudan jinin ya fita ƙashi ya bayyana. Likita zai wanke ramin ya sa magani, sauƙi ya zo da wuri.

Giɓin da aka bari ba ya zama haka nan. Maƙwabtan haƙorin suna karkatowa, na samansa ko na ƙasansa ya zazzago, abinci ya samu sababbin wuraren maƙalewa. Ana cike giɓi da haƙorin roba mai cirewa, wanda ya fi araha. A cire shi da dare a wanke a ajiye cikin ruwa, don kwana da shi yana kawo kumburi da farin kumfa a ganda. Ko a yi gada, a fere haƙoran gefe biyu a rataya sabon a kansu. Ko a dasa ƙusar ƙarfen titaniyam a ƙashi, a jira wata 3 zuwa 6 ta kama, a ɗora haƙori. Wannan ya fi kowanne tsada kuma yana son ƙashi mai kyau da suga da aka shawo kansa. Abin da za a guje wa shi ne masu liƙa haƙori da ƙullin roba a jikin na gefe a kasuwa. Ba ya cirewa balle a wanke ƙarƙashinsa, cikin shekara ɗaya ko biyu sai ya tafi da haƙoran da aka jingina shi da su. Haƙorin Makka ma, idan hular ba ta zauna daram a wuyan haƙori ba, abinci yana shiga ya ruɓar da shi a ɓoye. Wanda ke da shi ya sa a duba masa gefensa duk lokacin da ya je wanki.

Idan aka yi hatsari haƙorin babba ya fita ɗungurungum, ana iya mayar da shi. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. A ɗauraye shi na 'yan daƙiƙoƙi, a mayar cikin raminsa a cije ƙyalle. Idan ba a iya ba, a jefa shi cikin madara, ba ruwa ba, ba kuma a naɗe a takarda ba. A isa ga likita cikin awa ɗaya. Zai ɗaure shi da na gefe kimanin mako biyu. Haƙorin yaro na farko ba a mayar da shi, don zai iya lalata na dindindin da ke ƙarƙashi.

Yara

Haƙori yakan fara fitowa wajen wata 6, guda 20 su cika kafin shekara 3. Daga ranar da na farko ya ɓullo ake fara gogewa. Kada a ce ai za su faɗi. Su ne ke riƙe wa na dindindin wuri, kuma ruɓarsu tana hana yaro ci da barci. Kwantar da jariri da bulumboti mai madara da sukari ko shayi a baki shi ne ke cinye haƙoran gaba na sama.

Wajen shekara 6, lokacin da ake fara famfara, wani turmi yana fitowa a can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na yarinta, alhali na dindindin ne, kuma shi ne haƙorin da aka fi cirewa a bakin matasa. Likita na iya shafa masa wani siririn rufi a kwarin da ke samansa, ba allura ba huji, ya kare shi shekaru.

Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ta kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Yaron da ke da waɗannan a kai shi asibiti a nemi dalili, kada a zauna ana cewa haƙori ne. A yi hattara da magungunan haƙori na ruwa. A 2008 zuwa 2009 wani mai suna My Pikin da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a Najeriya. Tsabtataccen yatsa ko ƙyalle mai sanyi a goga a dasashi ya isa. Kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 ko mai ciki tetarasaikilin, yana rina haƙoran da ke tsirowa rinin da ba ya fita. A wasu wurare kuma ruwan rijiyar burtsatse ne ke ɗauke da fuloraid fiye da kima, sama da miligiram 1.5 a lita, sai haƙoran yara su fito da tabo fari ko ja. An san wannan a Langtang ta jihar Filato, kuma a Tibiri ta jihar Maraɗi abin ya kai har ga lanƙwasa ƙasusuwan yara. Wannan tabo gogewa ba ta fitar da shi, kuma kariyarsa ita ce a sauya wa ƙananan yara ruwan sha.

Ga yaro mai shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, gyambo a dasashi da warin baki mai ƙarfi da kumburin kunci abin gaggawa ne. Cutar da likitoci ke kira noma ce ke farawa haka, kuma cikin 'yan kwanaki take cinye kunci da leɓe. Idan an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtace baki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Babba ma, duk gyambon baki ko fari ko jan tabon da ya wuce mako uku bai warke ba, ko da ba ya zafi, a kai wa likita ya gani, balle ga mai shan taba ko mai sa ta a leɓe.

Wajen zaɓar inda za a je, a tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato da Maiduguri, suna da sashen haƙori. A lura ko ana buɗe sabuwar allura a gabanka, ko an sauya safar hannu, ko kayan aikin daga tukunyar turara kaya suka fito a cikin ledarsu a rufe. Kayan da aka tsoma a ruwan magani kawai aka goge suna iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau daga bakin wani. Kafin a fara aiki ka nemi a nuna maka hoton, a gaya maka zaɓin da kake da shi, zama nawa za a yi, da jimillar kuɗin har da na hula idan za a sa.